Shekarar da Muka Yi wa Jirgi Jinka

Ban taɓa zaton zan yi tsawon ran da zan shiga kasuwar Funtua ina nema wa jirgin ruwa mayafi ba, amma ga shi an yi. Babban ɗana ne ya ja ni. Yana da kwale-kwale na katako da yake su da shi a dam ɗin da ke bayan garinmu, kuma bana ruwa ya janye da wuri. Tun kafin a gama sussukar dawa injinan ban-ruwa na masu tumatir suka zuƙe abin da ya rage, jirgin ya zauna a kan busasshiyar laka kamar an manta da shi. Ya ce in raka shi mu zaɓo tamfol, wai na fi shi sanin jirgi. Na san dai so yake in taya shi ciniki, don ni da ɗan kasuwa ba ma rabuwa da wuri. Tambaya ce cutata tun ina ƙarami, har mahaifiyata kan ce da tambaya noma ce, da ni kaɗai na ciyar da Bakori da Kafur.

Mai tamfol ɗin mutum ne mai fara'a, ya shimfiɗa mana iri uku a gaban rumfarsa. Akwai shuɗi mai sheƙi, wanda ba shi da maraba da leda sai kauri. Akwai kore mai nauyi irin na rufe kayan manyan motoci, wanda in ka shafa za ka ji zare a jikinsa. Na ukun kuwa tsohon allon talla ne aka yanko, har da rabin fuskar wata mata tana murmushi. Na ɗaga kowanne na duba shi a rana, na shinshina, na kafa baki na hura in ji ko iska na wucewa.

"Baba, saye za a yi ko awon asibiti?" in ji mai tamfol, yana dariya.

"Duka biyun. Wanne ya fi?"

"Shuɗin nan mana. Ko ɗigon ruwa ba ya ratsa shi. Ku naɗe jirgin tsaf ku ɗaure da igiya, iska ma ba za ta sami ƙofa ba."

"To shi jirgin ta ina zai yi numfashi?"

Ya dubi ɗana, irin kallon da ake yi wa wanda ya fito da tsoho kasuwa bai ba shi maganinsa ba. Koren muka ɗauka. Na ce wa ɗana kada ya kuskura ya ƙunshe jirgin da shi kamar goro. Ya kafa dirkoki, ya ɗora tamfol a sama kamar rumfa, ya bar kamu guda tsakaninsa da katako, sannan ya shimfiɗa tsofaffin buhunan algarara a cikin jirgin ya riƙa jiƙa su duk bayan kwana biyu. Ya ce, "A ina ka koyi wannan, Baba, mu da duk zuriyarmu manoma ne?" Muna cikin motar Bakori a lokacin, an matse mu da buhunan masara, ga rediyon direba, sai na ce masa labarin ba na cikin mota ba ne. Amma tun daga ranar abin yake ta juyawa a raina.

Mu ba mutanen ruwa ba ne. Kafin a datse rafinmu, ruwan da muka sani iyakarsa gwiwa, da rani kuma sai an tona yashi ake samun na sha. Da aka yi dam, damina ɗaya ta wadatar, muka wayi gari ruwa ya shiga tsakaninmu da rabin gonakinmu da hanyar kasuwa. Duk garin babu wanda ya iya iyo. Mai son zuwa gonarsa ta ƙetare sai ya zagaya, ya tashi da asuba ya isa da hantsi, ya tarar ƙarfin da zai yi noma da shi ya ƙare a hanya. Ana cikin haka wata motar auduga da ta dawo babu kaya ta sauke mana wani mutum daga wajen Yawuri, shi da jirginsa. Siriri ne, ba shi da yawan magana, Hausarsa tana da ɗan karkata irin ta mutanen yamma. Ba mu wahalar da kanmu da sunansa ba, Mai Fito kawai muke ce masa. Ya kafa 'yar bukka a bakin ruwa, ya fara ƙetarar da mutane. Da kaka kowane gida ya kai masa damin dawa, shi ke nan zama ya yi.

Jirgin nan ba irin na yanzu ba ne da ake haɗa katako da ƙusa. Gungumen maɗaci ne guda aka sassaƙe cikinsa, baƙi wuluk, gefensa ya yi santsi saboda hannayen da suka riƙe shi. Har yau in na rufe ido ina jin safiyar damina ta wancan lokaci. Gorar tuƙi tana bugun gefen jirgi, ƙwal, ƙwal, a hankali kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Wani daga can ƙetare yana jan murya yana kiran fito. Akuyar da aka ɗaure ƙafafunta tana ta kuka tun daga wannan gaɓa har waccan, matan Fulani sun rungume ƙoren nono suna salati, tsofaffi sun runtse ido sun damƙe gefe da hannu biyu. Yanzu an yi gada, babur yana wucewa kafin ka gama amsa sallama, kuma ban ce ba a ji daɗi ba. Sai dai a jirgi dole ka zauna gwiwa da gwiwa da wanda kuka yi faɗan iyakar gona jiya, kuma babu mai iya riƙe fushi alhali ruwa na lasar yatsunsa.

Ni kuwa na sami wurin zuba tambaya. In na taso daga gona sai in zauna kusa da shi. Me ya sa itace mai nauyin da mutum goma ba sa ɗagawa yake yawo a kan ruwa, tsakuwa kuwa ta nutse? Ta yaya yake sanin zurfi bai taɓa ba? Kifi yana barci? Cikin tambaya uku yakan amsa ɗaya, sauran ya bar ni da su in tafi gida. Abu guda ne ban taɓa tambayarsa ba, wato inda yake kai jirgin da rani, lokacin da ruwa kan janye har a riƙa takawa da ƙafa. Dalili kuwa, da an gama kaka nake tafiya cin rani Funtua, dakon auduga, ba na dawowa sai an ga hadari. Sauran mutanen gari su ma ba su sani ba. Sukan ga jirgi ya ɓace, da damina ya dawo, kowa ya ɗauka sha'anin baƙo ne. Akwai wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin duwatsu da ba ya ƙafewa, amma mutanenmu ba sa son zuwa wurin, ana cewa yana da masu shi.

Shekarar da na yi aure ban tafi cin rani ba. Wata rana da hantsi ina gyaran danga sai ga Mai Fito da ƙunshinsa a kafaɗa. Saƙo ya zo masa cewa wansa na kwance ba lafiya, ga motar da za ta rage masa hanya tana jira a bakin titi.

"Ango," ya ce, don haka yake kirana tun bikin, "gida za ni. Ban san kwanakin da zan yi ba. Jirgi yana gurbi, ƙarƙashin duwatsu. Ka kula mini da shi."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Ubana ya sassaƙa shi. Ba ni da gona, ba ni da akuya, shi ke nan abin da na mallaka. Kada ka bari rana ta gan shi."

Direba ya danna oda, Mai Fito ya juya da sauri. Na tsaya da igiya a hannu ina jin kaina ya ƙara girma. Duk garin nan, da dattawa da masu unguwa, ni aka zaɓa.

Washegari na yi ta maza na tafi gurbin. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Jirgin yana can ƙasan ruwa, an cika cikinsa da duwatsu, sai inuwarsa kake hangowa, gansakuka har ta fara kama shi. Duk manomi ya san abin da ruwa ke yi wa itace. Ƙotar fartanya in ta kwana biyu a ruwan sama ta fara lalacewa, dirka kuma daga gindi take ruɓewa, inda danshi yake. Na zauna a kan dutse na yi ta saƙa da warwara, har na gano wa kaina amsa. Mutumin nan sauri yake yi, bai sami lokacin yi wa jirgi inuwa ba, shi ya sa ya tura shi ruwa don kada rana ta gan shi. Ni kuwa ina da lokaci, ina da ƙarfi, ga amana. In na bar dukiyar bawan Allah ta ruɓe a ruwa wata biyar, da wane ido zan dube shi?

Sai na nufi wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata. A unguwarmu in ana maganar rumbu an zo gidansa. Rumbun da ya ɗora wa jinka yakan shekara uku dawa ba ta san an yi damina ba. Ya saurare ni, ya tara abokan hirarsa a gindin ɗorawa, aka buɗe shawarar abin da za a rufe jirgi da shi, kai ka ce sarauta za a naɗa. Wani ya ce a kewaye shi da zana. Kawu ya ce zana wata ɗaya take yi ta fara buɗe ido, rana ta leƙa. Wani ya ce akwai tsohon kwano a gidansa. Kawu ya ce kwano da bazara tanda ne, sai dai in gasa jirgin za a yi. Wani Bafulatani abokinsa ya kawo maganar fatar shanu, aka tuna masa da karnuka. Buhun algarara kuma aka ce gidan ɓera ne. Kowa ya kawo tasa, kuma kowace magana da hankali a cikinta, don duk mutanen da suka san ajiya ne. Ba wanda ya ce a bar shi inda mai shi ya bar shi. Daga ƙarshe Kawu ya gyara hula ya ce, "Abin da ke tsare dawa shekara uku ba zai kasa tsare itace wata biyar ba. Rumbu za mu yi masa."

Aka yi gayya. Muka shiga gurbin da addu'a a baki, ruwa iya ƙirji, muka kwashe duwatsun, aka ɗaura igiya aka sa shanun huɗa biyu suka jawo shi tudu. Muka kankare gansakukar tas, muka goge shi da tsumma. Aka jera manyan duwatsu aka ɗora shi a kai don kada ya taɓa ƙasa, aka barbaɗe wurin da toka saboda gara. Sannan Kawu ya shiga aikin da bai taɓa yi ba. Jinka dai zagayayya ce tun kaka da kakanni, jirgi kuwa dogo ne. Kwana uku yana auna tsaiko yana warwarewa, yana magana shi kaɗai, mu muna yanta masa shuci. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Da aka gama baibaya, jinkar ta sauko har kusa da ƙasa ta kowane gefe, ko zaren rana ba ya shiga. Mutane daga ƙauyukan kusa suka riƙa ratsowa don su ga dogon rumbun da ba hatsi a ciki.

Mutum ɗaya ce ba ta yaba ba. Da yamma ina ba amaryata labari, tana zaune tana kaɗi, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni kam, Malam, turmina in ya daɗe ba a jiƙa shi ba, bakinsa tsagewa yake. Akushi ma haka."

"Turmi daban, jirgi daban," na ce.

"To, Allah ya sa."

Ta ci gaba da murza mazarinta. Ni da nake tambayar ko kifi na barci, ban tambayi matata me take nufi ba, saboda ango ba ya son amarya ta koya masa aiki. Daga baya na lura cewa mata sun fi mu sanin itace. Mu mun san shi yana tsaye a gona, su kuwa kullum yana hannunsu, turmi da taɓarya da muciya da akushi, sun san ranar da yake jin daɗi da ranar da ba ya ji.

Sanyi ya wuce lafiya. Duk bayan kwana biyu nakan je in leƙa, in ƙara toka, in ƙwanƙwasa gefen jirgin in ji yana amsawa garau, in ce lallai ya bushe da kyau. Sai bazara ta shigo, irin wadda ƙadangare ma ke neman inuwa. Wata rana bayan azahar ina zaune a gefen jinkar ina feƙe ƙota, sai na ji ƙara daga ciki, ƙas, kamar an karya kara amma ta fi nauyi. Na tsaya. Can kuma wata 'yar ƙarama ta biyo. Na ɗauka maciji ne ko gafiya, na ɗauki sanda na rarrafa ciki. Ba kowa. Da idona ya saba da duhun sai na ga layi a cikin jirgin, tun daga hanci har wajen kamu uku. Na zari tsinken shuci na zura, ya wuce ta ƙasa ba abin da ya tare shi. Na zauna a cikin tokar nan, zufa na zuba. Tsoro na ji, da kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Kawu ya zo ya duba. Sannan ya ce a kwaɓa laka da kashin shanu a yaɓe, yadda ake yi wa rumbu in ya tsage. A karon nan na yi tambaya. Na ce, "Kawu, laka a cikin ruwa?" Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "An gudu gara an faɗa zago." Wani abokina ya ja ni gefe ya ba ni shawara, wai mu mayar da jirgin gurbi mu cika shi da duwatsu yadda muka same shi, mu rushe jinka, in mai shi ya dawo ya ɗauka da kansa ya tsage. Ba zan ɓoye ba, shawarar ta kwana biyu a raina. Da na gaya wa matata sai ta ajiye mazari ta dube ni.

"Garin nan duka sun ga rumbun, Malam. Kuma ko ba su gani ba, kai ka gani."

Ban sake tayar da maganar ba. Jan jirgin da shanu zuwa gurbi kuma na ji tsoro, kada tsagar ta ƙarasa. Abin da na iya shi ne na shimfiɗa buhuna a cikinsa, na riƙa ɗebo ruwa da tulu daga gurbi safe da yamma ina jiƙawa. Tsagar ba ta ƙaru ba, ba ta kuma rufe ba.

Ya dawo ranar da aka fara ganin hadari a gabas. Na tare shi a hanya, na ga ya rame, na gane wan nasa ya riga mu gidan gaskiya. Na yi masa gaisuwa, ya amsa. Sai ya ce, "Jirgi fa?"

"Baba, zo ka gani. Na yi ɓarna."

Labari ya riga mu isa, mutane sun taru, Kawu na tsaye a gaba kamar wanda za a yi wa shari'a. Mai Fito ya tsaya ya dubi doguwar jinkar nan. Ya zagaya ta sau biyu, yana shafa ɗaurin, yana tura yatsa cikin shucin ya ji kaurinsa.

"Wa ya yi wannan baibaya?"

"Ni ne," in ji Kawu.

"Damina bakwai ina kwana a bukka mai yoyo a garin nan. Ashe akwai masu hannu haka."

Ba da faɗa ya faɗa ba, mamaki ne a muryarsa, amma babu wanda ya iya ɗaga kai. Sannan ya durƙusa ya rarrafa ciki. Ya daɗe, har na fara jin kamar in bi shi. Da ya fito, gwiwoyinsa duk toka, idanunsa sun yi ja. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ƙishirwa ce. Itacen da ya saba da ruwa, in ka raba shi da ruwa, baki yake buɗewa."

Ko a wannan hali cutata ba ta bar ni ba. Na ce, "Baba, to me ya sa ba ya ruɓewa a can ƙasa?"

"Jiƙa da bushewa, jiƙa da bushewa, shi ke ruɓar da itace. In yana cikin ruwa ɗungurungum ba abin da ke samunsa. Rana ba ta kai wa can, gara kuma ba ta iya iyo ba." Ya dube ni. "Da ma wannan ka tambaya tun farko, Ango."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Bai ƙara ko kalma a kai ba, ya shiga aiki. Ya sa maƙeri ya ƙera masa 'yan ƙarafa masu baki biyu, ya bi tsagar yana kafa su, yana ɗinke ta kamar yadda gyartai ke ɗinke ƙwarya. Ya ce yana son zaren auduga mai kauri wanda ba a murza sosai ba. Auduga kuwa ita ce abin da ba mu rasa ba. Matata ta zauna ta kaɗa masa abawa, ya tsoma ta cikin man kaɗanya da narkakken ƙaro, ya riƙa cusa ta cikin tsagar da bayan wuƙa, kaɗan kaɗan, tun safe har la'asar. Na riƙe masa kasko ina kallon hannunsa. Da aka gama ya hana a kawo shanu. A kafaɗa muka ɗauki jirgin, duk wanda ya yi gayyar fito da shi ya zo gayyar mayar da shi, ba wanda aka aika wa kira. Muka nutsar da shi a gurbi, ya ce a ba shi kwana bakwai ya sha.

Kwanakin nan bakwai ban san ɗanɗanon tuwo ba. In jirgin bai tashi ba, mutumin nan ba shi da abin yi a garinmu, ba shi kuma da abin komawa da shi garinsu, kuma ni na jawo. A rana ta bakwai muka kwashe duwatsu, muka kwarfe ruwan da ƙwarya, jirgin ya taso a hankali ya zauna a kan ruwa. Muka tsuguna mu biyu muna kallon ɗinkin. Itacen ya kumbura ya matse abawar. Can sai ga ɗigo ya tsattsafo kamar zufa, wani ya biyo shi daga gefe. Muka jira. Bai fi haka ba. Mai Fito ya sa babban yatsa ya shafe, ya ce, "Zai yi. Ba kamar da ba, amma zai yi."

Haka kuwa aka yi. Daminar nan duka jirgin ya yi fito, sai dai kullum da ƙwarya a gindin ƙafar mai shi. Sautin safiya ya canza, bayan ƙwal ƙwal na gora sai ka ji ƙwarya tana kartar cikin jirgi. Ko daga gona na jiyo sai gabana ya faɗi. Ranar kasuwa, da kaya suka fi yawa, nakan ajiye fartanya in je in zauna a tsakiya ina kwarfa, bai taɓa ce mini in zo ba, bai kuma taɓa ce mini in tafi ba. Kawu shi ma bai zauna ba. Wata safiya dai aka ga ya warware doguwar jinkarsa, ya kwashi shucin da tsaikon ya nufi bakin ruwa, kafin azahar bukkar Mai Fito ta sami rufin da babu irinsa ko a gidan mai unguwa.

Yanzu gurbin nan babu shi. Yashi da laka sun cike shi, bara ma albasa na gani a wurin. Ko kana so ka nutsar da jirgi babu inda za ka nutsar da shi, shi ya sa muka koma sayen inuwa a kasuwa da awon kamu. Masu jiragen yanzu ba su yi laifi ba, zamaninsu ne ya zo da haka. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda kowa ke ɗaukar abin da ya sani ya ɗora wa abin da bai sani ba, da zuciya ɗaya kuwa. Mu mun ga jirgi mun yi masa rumbu. Na yanzu sun saba da kayan shago, komai a naɗe cikin leda, sai su ga jirgi ma naɗe shi ya kamata. Ina jin da makiyayi aka bar wa, da turke zai kafa masa.

Da kaka ta zo ruwa ya fara ja da baya, Mai Fito ya ce zai je gida ya dubo marayun wansa, wataƙila ya kai bazara. Ranar da zai nutsar da jirgin mutane da dama sun biyo shi gurbi, don yanzu tsoron wurin ya ragu, kowa kuma yana son ya ga yadda ake yi. Na tsaya can baya. Na san akwai dattawa, akwai waɗanda ba su taɓa yi masa ɓarna ba, kuma na riga na shirya wa raina jin sunan wani. Ya gama ɗaure igiya a jikin dutse, ya ɗago yana duba fuskoki.

"Ina Ango?"

Aka buɗa mini hanya.

"Ka kula mini da shi."

Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ba shi ne wanda bara..." Bai ƙarasa ba.

"Shi ne," in ji Mai Fito. "Duk garin nan shi kaɗai ya taɓa jin kukan da jirgin nan ke yi in yana jin ƙishirwa. Wanda ya ji sau ɗaya ba ya so ya ƙara." Sannan ya juyo gare ni. "Duwatsu masu santsi za ka zaɓo, ban da masu kaifi. Ka fara jerawa daga tsakiya, kada ka ɗora ko ɗaya a kan ɗinkin."

 Na tuɓe rigata na rataye a reshe, na sunkuya na ɗauki dutse na farko.